Jar motar da ta kwana a ƙofar gidanmu

Zuwa ga Yayana, Mutari makanike,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah Ya sa kwanciyarka hutu ce, Ya yalwata maka makwanci. Ni ne Tasi'u, ƙanenka mai hannun alli, wanda ka ce ko ƙusa bai iya bugawa a miƙe ba. Mutanen gida duk lafiya lau. Inna tana nan, ƙafafun ne dai yadda ka bar su, sun ma ɗan ƙara. Damina ta yi kyau bana, hatsi ya shiga rumbu, mun gode Allah.

Na san takardar nan ba za ta iske ka ba. A shafina zan sa ta, inda abokai da tsoffin 'yan lakwal ɗina, yaran da na koyar a makaranta, za su leƙa su karanta. To su yi haƙuri, yau ba da su nake ba. Shawarar mota ce ta taso mini, kuma duk faɗin Matameye ban san wanda zan kai wa maganar mota ba in ba kai ba. Shekara huɗu ke nan ina ƙoƙarin sabawa da rashinka a irin wannan, har yau ban saba ba.

Ka tuna jar motar Alhaji Illa na Damagaram? Kai, ji wata tambaya, ai ko ni na manta kai ba za ka manta ba. Mai ƙofa biyu da kujera biyu, wadda take durƙushe a ƙasa, fitilunta a rufe sai an kunna su ɗago su buɗe ido. Wadda Inna ta sa wa suna Kwaɗo. To Alhaji zai rabu da ita, kuma ni ya fara kira.

Ya ce tsufa ya kama shi, in ya shiga cikinta sai an jawo shi, 'ya'yansa kuma ba mai son ta, su manyan motocin nan masu tsayi suke so. Ya kira ni da sunan da ake kiran malaman lakwal ya ce, "Mushe, motar nan wanka Mutari ya fi ni sanin ta. Ba na son ta faɗa hannun wanda zai yanka ta ya sayar da ƙarafa. Zo ka ɗauka ka gwada kwana uku. In ta kwanta maka, ba za mu yi faɗa a kan kuɗi ba." Abin da ya faɗa kuwa, Yaya, kusan daidai yake da ɗan abin da na tara.

Ga inda matsalar take. Mota ɗaya zan saya a duniyar nan, albashin malamin lakwal ba ya sayen biyu. In na sayi wadda ba ita ba, shi ke nan, na saya wa gidanmu kuskuren da za mu zauna da shi shekara da shekaru. Kuma ba don yayi na fara tarin ba. Kana wurin ranar da na yi niyya, sai dai a kwance kake, ban san abin da ka ji da wanda ba ka ji ba.

Ranar kasuwa ce, da hantsi, ciwon ya kayar da kai a tsakar gida. Likita ya duba ka ya ce wannan sai Damagaram, motar asibiti kuma ta riga ta fita da wata mai naƙuda. Duk direbobin da ka sani sun bazu ƙauyuka kwaso 'yan kasuwa. Motoci biyu ne a garejinka, duka biyun ka sauke musu inji. Mutumin da ya tayar da motocin rabin garin nan, ranar da ya buƙaci ɗaya babu ko ɗaya a ƙofar gidansu.

Muka kai ka tasha. Ka san ƙa'idar tasha, taksi ba ta tashi sai ta cika, kuma mutum uku kaɗai muka tarar a ciki. Na sayi kujerun da suka rage, mutanen kirki suka matsa gaba suka bar mana baya, amma kafin a gama ɗaure kayan da ke bisa a nemo direba daga wajen mai shayi, rana ta yi sama. Muka kwantar da kai a kujerar baya, kanka a cinyar Inna, ƙafafunka a tawa. Ƙasan faratanka baƙi ƙirin da man inji, ina ta kallon su duk hanya.

Mun ɗan wuce Kance kaɗan, daidai wani babban gawo da ke hannun dama, na ga Inna ta sa tafin hannunta ta shafa fuskarka daga goshi zuwa haɓa. Sai ta ce da direba, "Malam, rage gudu. Babu sauran sauri."

Ban ce da mota a gida da ka rayu ba, Allah Ya tsare ni da wannan magana, kwana ne ya ƙare. Amma tun ran nan na ƙudura cewa sai mota ta riƙa kwana a ƙofar gidanmu da mai a cikinta. Ga shi kuma yanzu kowane wata sai na kai Inna Damagaram a duba mata ƙafa da hawan jini. A bayan moto, babur ɗin nan nawa, nake ɗaukar ta zuwa tasha, tana riƙe da rigata tana salati, sannan mu zauna jiran taksi ta cika. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, ni ne nake jin kunya.

To ka ga motar da ya kamata in nema. Sai ga Alhaji da Kwaɗo.

Ai ka san ba laifina ba ne ni kaɗai, kai ka sa mini son ta. Alhaji yakan tsallake duk garejin Damagaram ya taho da ita har Matameye, wai ba mai taɓa masa ita sai Mutari. Ita kaɗai ce motar da na ga kana wanke hannu kafin ka taɓa. Sauran motoci kuwa sai ka gama da su kake neman sabulu. In tana gareji ba ka zuwa cin abincin rana, sai Inna ta aika maka da fura har can, ka sha a tsaye kana kallon ta.

Ka tuna ranar da ka fara sa ni a ciki? Ka gama mata gyara ka ce in zo mu gwada ta a gudron ɗin Kance, kan kwalta. Muna fita gari ka taka, bayana ya manne da kujera, hulata sabuwa ta sallah ta bi taga. Na yi ta roƙon ka ka tsaya, kana dariya har da buga sitiyari, ka ce, "Hula ai tana kasuwa, Tasi'u. Saurari injin." Na saurara. Ban gane komai ba, amma na ga fuskarka, kuma ban taɓa ganin ka cikin farin ciki irin na ran nan ba, ko ranar aurenka. Har yau ina bin ka hula.

Da yammar kuma ka kawo ta ƙofar gida, ka yi ta lallashin Inna ta shiga ka kai ta ko bakin kasuwa ne. Tana shiƙar hatsi ko ɗagowa ba ta yi sosai ba, ta ce, "Ni da girmana in shiga cikin kwaɗo? Bari dai, wata rana." Ka ce to, ka riƙe ta da alkawari.

Makon jiya na je na ɗauko ta. Ta tsufa, Yaya. Jan ya koɗe a rufi, gilashin gaba ya tsage daga gefe, fitila ɗaya takan makara kafin ta ɗago. Kontar ɗinta, agogon nan mai ƙidayar kilomita, Alhaji ya ce ya cika ya juyo ya sake farawa, daga baya ya gaji ya tsaya cak. Shi kansa bai san iya tafiyar da ta yi ba, don kafin ta zo hannunsa wani Bature mai aikin rijiyoyi ya yi shekaru yana yawo da ita. Amma da na murɗa makulli ta amsa. Muryar ba ta canza ba.

Zuwaira, matata, ita ta fara fitowa. Ta zagaya motar sau biyu da ludayi a hannu, ta leƙa ta taga, ta ce, "Malam, ina sauran?" Na ce sauran me. Ta ce sauran motar mana, ko rabi aka ba ni in gwada. Ta tambaye ni ina yara za su zauna, ina za a sa buhun hatsi, ina za a sa ita kanta. Na ce mata mata ba su san mota ba. Ta ce ƙwarai, amma sun san ƙidayar kujeru. Ka san Zuwaira, kai ma ba ka taɓa cin ta a gardama ba.

Sai na ce bari in yi mata gwajin da kake wa kowace tsohuwar mota in an kawo maka ka duba kafin a saya. Na sha zama a bencin garejinka bayan an tashi daga lakwal, ina gyaran takardun yara ina jin ka. Ashe duk na haddace ban sani ba.

Kullum kana cewa kada a kula kontar, kowa na iya mai da shi baya, a duba robar da ake takawa da kujerar direba. Na duba. Robar birki ta cinye har ƙarfe ya fito, kujera kuwa ta ɗauki surar Alhaji, in na zauna sai in ji kamar na sa takalmin wani. To ta yi tafiya, ba ta ɓoye ba.

Na shiga ɗakin Inna na jawo akwatin kayan aikinka daga ƙarƙashin gado, inda ta ajiye shi tun bayan sadakar arba'in. Na ɗauko dogon turnubis ɗinka, sukuddirebar nan mai mariƙin katako, na tayar da inji, na dafa bakinsa a kan ƙarfe na sa mariƙin a kunne yadda kake yi. Gaskiya zan faɗa maka, ban san abin da ya kamata in ji ba. Na dai tuna ka ce lafiyayyen inji kamar keken ɗinki yake a hannun gwanin tela, ba ya tsallake. Wannan bai tsallake ba. Maƙwabta sun taru suna kallon mushe da turnubis a kunne, na san an yi da ni a majalisa ran nan.

A nan ne na gan su. Ina sunkuye ina saurare idona ya sauka a kan wani noti, da ɗan ɗigon shuɗin fenti a kansa. Na duba na kusa da shi, akwai. Na bi na bi, ko'ina akwai, wasu ƙura ta rufe sai da na goge da yatsa. Alamarka ce, wadda kake sawa da tsinken ashana a kan duk notin da ka ɗaure da hannunka, don in wani ya kwance bayanka ka sani. Ba wanda ya kwance, Yaya. Shekara huɗu Alhaji bai bar kowa ya wuce canza mai ba. Yadda ka ɗaure su haka suke.

Na kashe injin na tsaya riƙe da murfin. Kabarinka tudu ne kamar na kowa, garejinka yanzu wani ne a ciki yana faci. Ban san akwai sauran wurin da hannunka yake yadda ka bar shi ba. Na yi kuka a tsakiyar titi, ba zan ɓoye maka ba, kuma a wannan lokacin da Alhaji ya ninka kuɗin da na nemo.

Saura gwajin yashi. Kai ba ka taɓa yarda a sayi mota ba sai ta kwana a kan shararren yashi, da safe a tura ta baya a karanta abin da ta zubar. Baƙi man inji ne, ja na giya, kore ruwan sanyaya inji, in kuwa ka ga fari-fari mai santsi kusa da taya to na birki ne, a mai da wa mai ita abarsa. Bayan la'asar na fito da tsintsiya, sai na tarar Inna ta riga ni. Tana dafe da bango da hannu ɗaya tana shara da ɗayan, ta share wuri lumui a ƙofar gida. Na ce Inna da kin bari. Ta ce, "Kai ba ka iya ba. Shi sai ya ga babu ko sawun kaza yake yarda."

Da na dawo daga sallar asuba gari ya ɗan yi haske, na leƙa ƙarƙashinta, na ga wata ƙatuwar jiƙa kamar faɗin faifai daidai ƙasan inji. Na tura motar baya, na durƙusa, na ɗebo yashin na murza a yatsa yadda ka koya mana, na kai hanci. Yaya, akuyar Inna ce. Ta sami inuwa mai ɗumi ta kwana a ciki, ta bar mini shaida. Zuwaira tana daga zaure tana kallo, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce to makanike, man mene ne wannan, na gaba ko na baya.

Ban da aikin akuya, ɗigo ɗaya tak na samu, baƙi, bai fi maɓallin riga ba. Kai kuma ka ce tsohuwar motar da ba ta ɗiga ko kaɗan a duba ta da kyau, watakila babu mai a cikinta ne. Ke nan Kwaɗo ta ci gwajinka uku.

Ba wai ban ga aibinta ba. Duk tudun rage gudu da ke cikin gari sai ta goga ciki, sai na bi shi a karkace ina addu'a. Lungunmu kuwa sau biyu ta kafe a yashi, sai da matasan unguwa suka tura. Kayan gyaranta babu a Damagaram, sai an aika Kano, wani ma sai Kwatano. Isansi kuwa, wato fetur, kwalba biyu ba ta jin ta sha komai. Amma ka san ni da iya kare abin da nake so. Kowace matsala na samo mata amsa kafin a gama faɗa, na ce lungu za mu zuba masa tsakuwa, na ce ai ba kullum za a fita da ita ba.

Gwaji na huɗu ne na yi wa wayo. Kai in ka gama da mota sai ka juya ga mai saye, ka goge hannu a tsumma ka tambaye shi, "To wa za ta ɗauka?" Na ga ka hana wani ɗan kasuwa sayen mota lafiyayya a kan wannan tambaya, ya tafi yana fushi, bayan wata biyu ya dawo da goro. Ni ma na tambayi kaina, na amsa wa kaina da sauri, ni da Inna mana. Kujera biyu, mutum biyu, zuwa Damagaram da dawowa. Na rufe maganar kafin in ji abin da za ka ce. A zuciyata na gama saye.

Rana ta uku da hantsi ina goge ta, sai ga Inna ta fito da mayafinta na zuwa biki da sandarta. Ta tsaya a kaina ta ce, "Tasi'u, buɗe mini kwaɗon nan."

Shigar da ita aiki ne. Zuwaira ta riƙe kafaɗa, ni na riƙe gwiwoyi, muka sauke ta a hankali tana faɗa mana mu bi sannu ba buhu ba ce. Da ta zauna ta dubi waje ta ce wannan ai a ƙasa muke zaune, me ya rage mutum ya shimfiɗa tabarma. Na tambaye ta ina muka nufa. Ta ce inda kuke gwada ta.

Muka hau gudron ɗin Kance. An gama girbi, gonaki sun yi fili, sai karan hatsi a tsaye da amalanke jefi-jefi ɗauke da damma. Ina tafiya a hankali saboda ita, hannuna biyu a sitiyari. Can ta ce, "Haka Mutari yake jan ta?" Na ce a'a Inna. Ta ce, "To taka mana."

Na taka, Yaya. Ba kamar kai ba, ba ni da zuciyarka, amma na taka. Injin ya buɗe murya, iska ta cika mayafin Inna, ta damƙe shi da hannu ɗaya ta damƙe ƙofa da ɗaya, tana salati tana dariya gaba ɗaya. Rabon da in ji wannan dariyar tun kana raye. Ta ce ashe haka yaron nan yake ji, shi ya sa ba ya dawowa cin tuwo.

Ban yi niyyar wuce Kance ba, amma ba ta ce in juya ba, ni ma ban tambaya ba. Da gawon ya bayyana a hannun dama na sassauta da kaina. Na tsaya a gefen hanya, ta ɗaga hannu ta yi maka addu'a mai tsawo, na shafa tare da ita. Da ta gama ta dafa gaban motar da tafin hannu ta ce, "Na ce masa wata rana. To ga ta, na shiga." Muka juyo gida a hankali.

A ƙofar gida fita ta gagara. Ta yunƙura sau uku gwiwa ta ƙi, ta koma ta zauna tana dariya tana cewa kwaɗo ya haɗiye ta. Na aika a kira Zuwaira daga maƙwabta. Muna zaune muna jira, sai na ga ta miƙa hannu bayan kujerarta tana lalube. Ta taɓa bango. Ta juya da ƙyar ta duba, ta ga ɗan wurin da bai fi a ajiye jaka ba.

Ta ce, "Tasi'u, ina bayan?"

Na ce ba ta da baya, Inna, haka aka yi ta.

Ta ce, "To ran nan da a ina za mu kwantar da shi?"

Ba da faɗa ta yi tambayar ba, ba kuma don ta hana ni ba. Tambaya ce kawai ta zo mata ta yi. Zuwaira ta iso muka ciro ta, ta shiga gida tana ba ta labarin gudun da muka yi. Har yau ba ta ce mini saya ko kada ka saya ba. Ni ne na kasa tashi daga kujerar, na zauna a cikin motar har aka kira azahar.

Ka gani, na amsa tambayarka da mutanen da ke zaune. Na manta cewa motar gida irin namu wata rana a kwance take ɗaukar mutum, kuma mai kwanciya yana buƙatar cinyar da zai ɗora kai da wanda zai riƙe masa ƙafa. Ni da na riƙe naka ƙafafun bai kamata a tuna mini ba. Son in riƙe ɗigon fentinka kusa da ni ne ya rufe mini ido, kuma ina jin da kana nan da ka ɗan maki ƙeyata da tsumman nan naka.

Washegari na mai da wa Alhaji motarsa. Na ji nauyin faɗa masa, amma na faɗa masa gaskiya duka, har tambayar Inna. Ya yi ta juya makullin a hannu. Daga baya ya ce to shi ma ya fasa sayarwa, za ta zauna a rumfarta har Allah Ya yi ikonSa. Ya ce duk ranar da na kawo Inna asibiti in biyo in tayar masa da injin na ɗan lokaci kada ya kwanta, tunda shi ba ya iya shiga. Na ce to. Ka ga ke nan sau ɗaya a wata zan riƙa buɗe murfin nan.

Kafin in taho na goge notocin duka da gefen rigata, har na can ƙasa da hannu ba ya kaiwa sosai. Zuwaira ta ga rigar, ta karɓa ta jiƙa.

Akwai wata mota a Yauri, ta wani malamin gona da ya gama aiki. Doguwa ce mai ƙofa biyar, launin toka, ba ta da kyan gani ko kaɗan, cikinta warin taki da kaji. Kujerun baya suna kwantawa su yi shimfiɗa, mutum ya miƙe sosai, biyu su zauna a gefensa. Jiya na kawo ta. Inna ta leƙa ta ce wannan kuma Rumbu ce, ta shiga da kanta ba wanda ya riƙe ta. Zuwaira ta ƙirga kujeru ta gyaɗa kai.

Ita ma ta kwana a kan yashi, Inna ta sake sharewa, na ɗaure akuya da kaina. Yau da safe na tura ta baya na durƙusa. Tana ɗiga, Yaya, wuri uku. Akwai baƙi, akwai ja, akwai kore. Na birki dai babu, na duba tayoyin huɗu sau biyu. Na sa turnubis ɗinka a kunne, keken ɗinkin yana ɗan tsallake. Na buɗe murfin na bi notocin ɗaya bayan ɗaya, ko da yake na san ba ta taɓa zuwa hannunka ba. Babu shuɗi ko ɗaya.

Ita zan saya. Gobe in Allah Ya kai mu zan je Yauri mu gama magana. Sai dai tun safe nake tsaye a kan ɗigon nan uku, na san sunan kowanne, kai ka koya mini, amma ban san wa zan kai wa ba.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya Mutari. Allah Ya sa duk motar da ka tayar ta kai wani asibiti ko ta mai da wani gida ta zama haske a kabarinka. Ya yafe maka kurakuranka, Ya haɗa mu a inda babu jiran mota ta cika. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, Ya sa kujerar bayan nan kada ta ɗauki kowa a kwance sai wanda barci ya kwashe a hanya. Amin.

Na yafe maka hular.

Ƙanenka mai hannun alli,
Tasi'u
Matameye